Amsa ga ƙanena mai Corolla: kar ka yarda a zare maka soket ɗin VVT-i

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun daren jiya, na bari sai da na rufe gareji na samu natsuwa dan tambayar ba ta amsuwa a tsaitsaye. Ka ce Corolla 2006 gareka, da ita kake ɗaukar fasinja tsakanin Agege, Ikeja har cikin Ailan, kwanan nan wutar cek ta kama, da safe in ka tada ta sai ta yi wani karrr kamar ana jan kaca a kan kwano sannan ta yi shiru, ga shan mai ya ƙaru ga nauyin tashi, kuma wanda ka kai wa ya ce maka wai VVT-i ɗin ne, a zare soket ɗinsa a huta tunda ai ba dole bane, in ba haka ba sai dai ka sayi wani injin. Shine kake tambaya wai me ma wannan VVT-i ɗin yake yi ne, kuma a zare ko kar a zare.

Kar a zare. Kuma kar ka sayi inji tukuna. Bari in maka bayanin yadda abin yake aiki, in ka gane shi da kanka zaka san inda ciwon yake, dan wallahi abin yana min ciwo yadda nake ganin yaranmu suna zubar da kuɗin da suka sha wuya kafin su tara a kan abin da wani lokacin wanki kawai yake so.

Inji numfashi yake yi kamar ni da kai. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ya turo fistin ƙasa da ƙarfi, ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Taki huɗu kenan, kuma kafin a gama su kiranshaf, wato babbar sandar da fistin suke juyawa a ƙasan inji, ya yi juyi 2 cif, wato digiri 720, shi kuma kamshaf juyi 1 kacal. Ƙofofin da iska take shiga hayaƙi yake fita su ne bawul, injinka 1ZZ-FE ne mai lita 1.8, silinda 4 bawul 16, kowace silinda biyu na shiga biyu na fita. Mai buɗe su shine kamshaf, wannan sandar mai tozo-tozo da ke kwance a saman inji, tozon ya zagayo ya danna bawul ya buɗe, ya wuce sifirin ya mayar da shi. Kaca ce ta haɗa kamshaf da kiranshaf, ita ce kacar taimin. A tsofaffin injuna, irin na Camry mai siririyar fitila 2.2 ɗin nan da su 504 da iyayenmu suka hau, yadda aka ɗaura taimin tun daga kamfani haka zai zauna har injin ya mutu, bawul zai buɗe a wuri ɗaya ya rufe a wuri ɗaya ko kana sulo a gosulon Oshodi ko kana taka ta a hanyar Ibadan.

To a nan matsalar take. Numfashin mai zaune daban da na ɗan dakon da ya ɗauko buhun albasa a Mile 12 yana sauri. A sulo, wato inji a kunne ba ka taka totur ba, injinka yana wajen juyi 700 a minti, kowane bawul yana buɗewa kusan sau 6 a daƙiƙa. In allura ta kai 3000 sau 25 kenan a daƙiƙa, in ta kai 6000 sau 50. Ka ga a can sama lokacin da iska take da shi ta shiga silinda bai kai kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ba. Kuma iska tana da nauyi ko da ba ma ganinta, ba ta tashi nan take ba ta tsayawa nan take. Ka taɓa tsayawa a Kara ko mayankar Oko-Oba lokacin da ake kora shanu cikin shinge? In a hankali suke tafiya, da wurin ya cika na gaba suka tsaya, na baya ma tsayawa suke, in ka yi jinkirin rufe ƙofa wasu ma juyowa zasu yi su fice. Amma in a guje suka taho, ko wurin ya cika na baya basu sani ba, turowa suke ta yi, in ka ɗan jinkirta rufe ƙofar sai ka ga an cusa wasu da dama a kan waɗanda da zasu shiga. Haka iska take a bakin bawul. In inji yana gudu sosai ana so bawul ɗin shiga ya makara wajen rufewa, ko fistin ya fara hawowa a bar ƙofa a buɗe dan iskar da ta taho a guje ta ci gaba da cusa kanta. Amma in a ƙananan juyi ne ka makara haka, fistin zai turo abin da ya zuƙa ya mayar da shi waje, ƙarfi ya ragu.

Akwai kuma wani ɗan lokaci da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba na shiga ya fara buɗewa, duka biyun a buɗe, mu ce masa haɗuwar ƙofa, masu aikin suna cewa obalaf. In mota tana tafiya wannan haɗuwar alheri ce. In a sulo ne kuma ta yi yawa, hayaƙi yake komowa ya gurɓata sabon cakuɗen, sai ka ji inji yana kakkarwa yana neman mutuwa. Dan haka injiniyan da ya zana tsohon inji dole ya zaɓi tsaka-tsaki, ba a samu cikakken ƙarfi a ƙasa ba, ba a samu a sama ba, an dai raba asarar ne. Duk wannan VVT da kake ji an kawo shi ne dan a daina raba asarar, a bar taimin ya riƙa matsawa gaba da baya da kansa mota tana cikin tafiya.

Kuma ba sabon abu bane da za a ce gwaji ake da mu. Alfa Romeo na Italiya ne suka fara sa shi a motar kasuwa tun 1980, a Spider ɗin da suke kaiwa Amurka saboda dokar hayaƙi ta can ta matsa musu. Honda suka fito da VTEC a 1989, BMW suka kawo nasu VANOS a 1992, Toyota sun fara da VVT mai mataki biyu a 1991, wato ko gaba ko baya babu tsakiya, sannan a 1995 suka kawo VVT-i wanda yake iya tsayawa a ko'ina tsakanin gaban da bayan. Wannan ƙaramin i ɗin na ƙarshe shine ke nuna kwamfuta ce take lissafin. Yau kusan duk Camry ɗin da ake kira Big Daddy da Muscle, da Sienna da Highlander da suka cika titin Ikorodu suna ɗauke da shi.

Yanzu ga yadda naka yake. A kan kamshaf ɗin shiga, wajen da kaca take hawa, ba farantin haƙori bane kawai kamar na da. Wani gwangwani ne mai kauri, mu muna ce masa giyar VVT. Jikinsa na waje shine mai haƙora, kaca ce take jansa, ba ya gaba ba ya baya da kiranshaf. A cikinsa akwai wani abu mai fukafukai kamar farfela, shi kuma da kamshaf aka ɗaure shi. Kowane fiffike yana zaune cikin ɗan ɗaki, ya raba ɗakin biyu. In aka tura baƙin mai da ƙarfi a wannan gefen, farfelar ta matsa ta ja kamshaf ya riga kaca, bawul ya buɗe da wuri ya rufe da wuri. In aka tura a ɗaya gefen ta dawo baya. In aka toshe duka hanyoyin biyu, mai ya maƙale a ɗakunan, ta tsaya cak a inda take. Matsawar ba wata mai yawa bace a ido, tsakanin digiri 40 zuwa 60 na kiranshaf ne gwargwadon inji, amma a wajen numfashin inji wannan tazara ce babba.

Ka lura da abin da na ce yake turawa. Baƙin mai. Ba waya bace ba ɗan injin lantarki bane, wannan man dai da kake juyewa a wajen sabis shine hannun da yake murɗa kamshaf ɗin. In ka riƙe wannan ka riƙe rabin amsar tambayarka.

Mai raba man shine wancan abin da aka ce a zare masa soket. Sunansa OCV, a gareji zaka ji ana cewa solonoyid ɗin VVT, wasu ma su ce sensa amma ba sensa bane, famfo ne mai buɗe hanyar mai ya rufe. A cikinsa akwai siririn ƙarfe mai tsagi-tsagi da yake zamewa gaba da baya, maganaɗisun lantarki ya tura shi sifirin ya dawo da shi, kuma tsakaninsa da bututun da yake zamewa a ciki bai kai kaurin gashi ba. Burenbos, wato kwamfutar motar, shine yake ba shi umarni, shi kuma burenbos yana sauraron sensar kiranshaf, sensar kamshaf, sensar da ke auna iskar da ta shiga, yadda ka taka totur da zafin ruwan inji. Daga nan ya yanke inda yake so kamshaf ya tsaya, ya tura wuta, sannan ya sake dubawa ta sensar kamshaf ko an je inda ya ce. In ya ce a je ba a je ba, ko an je a makare, shine yake kunna maka wutar cek. Kafin a kai ga OCV kuma akwai wata 'yar rariya da bata kai ƙaramin yatsanka ba, tana ɓoye a bayan wani noti a jikin kan inji, aikinta ta tare datti. Da yawan masu gyara basu ma san tana wurin ba.

A rayuwarka ta kullum ga abin da yake faruwa ba ka sani ba. Kana tsaye a danja a Maryland, kamshaf yana can baya gaba ɗaya, haɗuwar ƙofa kusan babu, shi ya sa sulon Corolla mai lafiya yake lumui har ka manta a kunne take. Aka ba da hannu ka taka, ko ka ɗauko mutum huɗu da kaya zaka hau gada, sai ya matso gaba bawul ya rufe da wuri kar fistin ya maido da komai, shine wannan tashin da kake ji a bayanka. Ka miƙe a kan Third Mainland kana tafiya daidai wa daida ƙafa a sake, nan ma yana gaba, haɗuwar ƙofa ta yi faɗi, ana barin ɗan hayaƙi da gangan ya koma cikin silinda ya cike gurbi, wannan yana rage wahalar da fistin yake sha wajen zuƙa ta totur ɗin da bai buɗe sosai ba, yana kuma rage zafin ƙuna, a nan ne ake samun sauƙin shan mai da rage gubar hayaƙi. In kuma ka danne totur zaka wuce tirela allura ta haura sama, sai ya sake ja baya dan a bar ƙofa ga shanun nan da suka taho a guje.

Saura ƙarar da kake ji da safe. In ka kashe mota mai yana tsiyayewa ya koma ƙasa, ɗakunan nan su zama wayam, farfela bata da mai riƙe ta. Dan haka aka sa mata sakata, wani ɗan fil mai sifirin da yake faɗawa rami ya kulle ta da jikin gwangwanin a can baya. Ka tada inji, famfon mai ya kawo matsi, man ya ɗaga sakatar, aiki ya fara. In sakatar ta ci ko datti ya hana ta faɗawa raminta, to a daƙiƙa 1 ko 2 ɗin farko kafin mai ya iso farfelar tana dukan bango ne hagu da dama, shine karrr ɗin. In mai ya iso ta yi shiru. In kuwa ƙarar bata tsayawa, ko kana jinta a sulo bayan inji ya yi zafi, to hankalina ya fi tafiya kan kacar kanta ta saki ko tenshina mai ɗame ta ya gaji. Jabun filta ma yana kawo ƙarar safe, dan filta na kirki yana da wata roba a ciki mai hana mai komawa in an kashe mota.

To me zai faru in an zare soket? Mota zata tashi, zata yi tafiya, sulo ma zai zauna, shi ya sa ake ganin kamar an yi gyara. Amma kamshaf ya zauna a can baya kenan dindindin. Duk ƙarfin tashin nan ya tafi, zaka riƙa ƙara taka totur dan ka samu abin da da kake samu da ɗan taɓawa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 ba sai na faɗa wa mai sana'ar tuƙi abin da ƙarin taka totur yake nufi ba. Wutar cek kuma zata zauna a kunne, ranar da wata babbar matsala ta zo ba zaka gane ba tunda ka saba ganinta. Mafi muni, abin da ya jawo matsalar tun farko yana nan ba a taɓa shi ba. In dattin mai ne ya toshe rariyar VVT, to dattin nan yana yawo a hanyar da take kai mai ga metal ɗin da kiranshaf yake juyawa a kansu. VVT ne mai siraran hanyoyi shi ya sa yake fara kuka, gargaɗi yake maka kafin inji ya buga.

Watannin baya wani dattijo mai kawo tumatir Mile 12 ya zo min da Big Daddy, an gaya masa a wani gareji cewa injin ya gama, har ya fara cigiyar kuɗin tokumbo. Motar tana mutuwa duk inda ya taka burki ya tsaya. Na zare OCV na ga siririn ƙarfen ya maƙale a wajen gaba, wato ko a sulo kamshaf yana matsayin tafiya, dole ta shaƙe da hayaƙinta. Da na ciro rariyar ba ka ganin ramukanta, ta zama kamar an tsoma ta a kwalta. Muka wanke, muka sauke botom filet, wato kwanon da mai yake zama a ƙasan inji, muka wanke babbar rariyar famfon mai, muka juye mai. Har yau da injin yake zuwa arewa ya dawo. Ba kowace mota ake dacewa haka ba, amma daga nan ake farawa.

Dan haka ga abin da nake so a yi wa taka, kuma ka tsaya a wurin kana kallo. Tun kafin a taɓa sifana ka zaro sandar awon mai da safe a wuri mai daidai, ka ga ko ya kai, dan 1ZZ in ya tsufa yana iya shan baƙin mai a hankali, kuma in mai ya yi ƙasa VVT ne yake fara rasa matsi. Ka buɗe murfin da ake zuba mai ka haska ciki, in ka ga ƙarfe launin zuma-zuma to alhamdulillah, in ka ga baƙar laka to ka san inda aka dosa. Sannan a sa kwamfuta a karanta lambar, ka sa a rubuta maka ita kafin a goge. P0010 yana nufin wayar OCV ko nadin cikinsa ne, aikin rewaya. P0011 da P0012 suna nufin an ba da umarni kamshaf bai je inda aka ce ba, a nan ne ake zargin mai, rariya, OCV da ya maƙale ko giyar kanta. P0016 kuma kamshaf da kiranshaf ne basu jitu ba, sau da yawa kaca ta saki ko ta tsallake haƙori ko wani ya ɗaura taimin ba daidai ba. Tsofaffin Toyota suna nuna P1349. Shi OCV ana auna shi da mita, mai lafiya yana ba da tsakanin 6.9 da 7.9 om in ya huce. Akwai kuma gwajin da nake so ƙwarai saboda ba ya ƙarya, inji yana sulo ya yi zafi, a zare soket a ba OCV wutar batir kai tsaye na ɗan lokaci kaɗan. In inji ya rikice nan take ko ya mutu, to OCV yana motsi, mai yana wucewa, giya tana juyawa. In ko gezau bai yi ba, to ɗaya cikin ukun nan ne, sai a bi su daga mai araha zuwa mai tsada, rariya, OCV, sannan giya.

In har ta kai ga canza giyar, ana samunta a Ladipo, amma ka tafi da wanda ya san ta dan na injinka 1ZZ daban na 2AZ, injin Camry, daban. Kuma ga inda ake yawan ɓata ta, ba a ɗaure babban notin tsakiya sakata tana kulle, ƙarfin ɗaurin a kan ɗan fil ɗin yake sauka ya lanƙwasa shi, sai a sa sabuwar giya gobe da safe ta yi karrr kamar tsohuwar. Ana sakin sakatar da iska tukuna, a ɗaure, sannan a juya ta ta kulle. Ƙananan notunan da suka rufe gwangwanin kuma ba a kwance su.

Maganar mai zan ɗan daɗe a kanta dan ita ce asalin ciwon. A murfin injinka an rubuta 5W-30. Na san abin da ake faɗa, wai wannan na ƙasar sanyi ne, nan zafi ake sai 20W-50. Lambar farko mai W tana faɗin yadda mai yake gudu in inji ya kwana ya huce, ta biyun kuma kaurinsa a zafin digiri 100, kuma inji in ya yi zafi zafinsa kusan ɗaya ne ko a Legas ko a Kanada, tunda wutar cikinsa ce take dafa shi ba rana ba. A wannan zafin mai lamba 50 ya kusa ninka mai lamba 30 a kauri. Ba zan ce maka 20W-50 yana kashe inji rana ɗaya ba, ƙarya ne, motoci da yawa suna yawo da shi. Amma yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da sakata take jira, kuma yana sa kamshaf nawa wajen amsa umarni. Ni ga mota irin taka 5W-30 nake sawa, in ta tsufa tana shan mai in ɗaga zuwa 5W-40 ko 10W-40, ban wuce nan. Abin da ya fi kaurin muni shine man da ba a san asalinsa ba, wanda ake aunawa a galan a bakin titi, da kuma barin mai ya daɗe. Kai da kake wuni a gosulo kar ka biye wa kilomita kaɗai, awa biyu daga Mile 2 zuwa Apapa mita bata ƙirga komai ba amma inji yana ta juyi mai yana ta dahuwa. Kar ka wuce kilomita 5000, da filta na gaske kowane juye, wajen lita 4 take ci.

In an samu laka a ciki, ni ban yarda da zuba maganin wanke inji mai ƙarfi a tsohon injin da ya riga ya yi kwalta ba, ɓamɓaro ta yake gunduwa-gunduwa ta je ta toshe bakin famfon mai. Gara a buɗe a wanke da hannu, sannan a yi juye biyu ko uku kusa-kusa. Ka kuma tambaya ko tamostat ɗinka, wato abin da yake daidaita zafin ruwan inji, yana nan, dan a garin nan da mota ta sauka daga jirgi ake cire shi a haɗa fanka kai tsaye. Injin da baya kai zafinsa burenbos yana ɗaukarsa mai sanyi, ya ƙara masa fetur, ya riƙe VVT bai sake shi sosai ba, ga ruwa da fetur da suke taruwa cikin mai basa ƙonewa, su ne suke zama lakar.

Tunda abokan aikinka da yawa Honda suke ja, Accord ɗin da ake kira EOD da Evil Spirit, ka gaya musu nasu ma haka ne har ya fi. Naka lokaci kawai yake matsarwa, zurfin buɗewar bawul yana nan yadda yake. VTEC kuwa tozo ne iri biyu a kan kamshaf ɗaya, ƙarami da babba, in juyi ya kai wani wuri sai matsin mai ya tura wani fil ya haɗe hannuwan da ke danna bawul su koma bin babban tozon, bawul ya buɗe da zurfi ya kuma daɗe. Da wannan dabarar Honda suka fitar da ƙarfin doki 160 daga inji mai lita 1.6 a 1989 ba tare da tobo ba. i-VTEC kuma an haɗa biyun ne, canjin tozo da giya irin taka. In mai ya yi ƙasa ko rariyarsu ta toshe sai ta nuna P2646, ta riƙa fizga tana ƙin wuce juyi wajen 3000, mutum ya ɗauka giyabos ne ya tafi ya kashe kuɗi a inda ba nan bane. Corolla daga 2009 da Muscle mai V6 kuma Dual VVT-i ne, giya a kamshaf ɗin shiga giya a na fita, OCV ya ƙaru, buƙatar mai mai tsabta ta ƙaru.

Gobe da safe kafin ka tada ta ka auna man, sannan ka ajiye waya kusa da gefen kaca ka ɗauki ƙarar tun daga murɗa makulli, ka ƙirga daƙiƙa nawa take yi kafin ta yi shiru. Ka turo min da ita tare da lambar da kwamfuta ta nuna da sunan man da aka zuba maka a juyen ƙarshe, in kuma hanya ta biyo da kai Agege bayan azahar ka shigo da ita in zare rariyar a gabanka ka ganta da idonka.